Gudan jini a ƙafata bayan haihuwa, da zaman da na yi da wafarin

Aiki aka yi mini aka ciro ɗana na fari a wani babban asibiti a Kano. Da aka sallame mu, gidanmu aka wuce da ni wankan gida. Bayan suna ƙafata ta hagu ta fara nauyi. Sha-raɓar ta ɗaure tamau, in na taka sai in ji tana ja har cinya, ga ɗumi in na ɗora hannu. Ta dama kuwa lafiyarta ƙalau. Gwaggo, wadda aka ɗauko don ta yi mini wanka, ta ce sanyin ɗakin tiyata ne ya shige ni, ruwan zafi da tausa za su kore shi. Umma ta ce kumburin jego ne, ba mai haihuwar da ba ta yi.

Wata maƙwabciyarmu ma'aikaciyar jinya ce ta shigo barka ta tarar ana shirin matsa mini ƙafar da man zafi. Ta sa aka kawo mata tef ɗin ɗinki, ta auna sha-raɓar nan biyu a wuri ɗaya, ta hagu ta fi kauri a fili. Ta ce, "Gwaggo, don girman Allah a bar ƙafar nan haka, kada a matsa ta. Da duka biyun ne suka kumbura da na yi tunanin wani abu daban. Ƙafa ɗaya, ga zafi, ga ciwo, ga mai jego da aka yi wa aiki, asibiti za a koma yau ɗin nan." Gwaggo ba ta ji daɗi ba, don mata da yawa sun yi jego a hannunta lafiya. Amma Umma ta ɗauko mayafi.

A asibiti hoton jijiya aka tura ni, wanda suke kira Dofla. Na'urar sikanin ce irin ta masu ciki, sai dai a ƙafa ake bi da ita tun daga matsematsi har bayan gwiwa. Mai hoton yana tafiya yana dannawa. Ya juyo mini da allon ya ce in duba: lafiyayyar jijiya in an danna ta sai ta lotsa ta haɗe, tawa kuwa a cinya ta ƙi lotsawa, domin akwai gudan jini a cikinta. Nan take aka ba ni gado.

Likitar da ta karɓe ni mace ce mai haƙurin bayani, kuma abin da ta faɗa mini a daren nan shi ya riƙe ni har ƙarshen jinyar. Ta ce daskarewar jini ba cuta ba ce a asalinta, rahama ce. In mutum ya yanke, jijiyar takan tsuke, sai wasu ƙananan ƙwayoyin jini da ake kira filatilet su taru su liƙe bakin ciwon. Daga nan wasu sinadarai da hanta ke yi su tashi, wannan ya tayar da wancan, har a samu zaren fibrin da zai ɗaure toshiyar ta yi ƙarfi. Ta kwatanta mini da mai noman rani da ruwa ya ɓalle masa a fangali: ciyawa yake fara cusawa, sannan ya bi da laka. Jikin mai ciki yana ƙara yawan waɗannan sinadarai da gangan, domin ranar da mabiyiya ta rabu da mahaifa kada jini ya ƙare mata. Wannan ƙarfin daskarewa ba ya sauka ranar haihuwa, yakan kai mako 6 ko fiye. Ta ce ana jingina wa wani likita Bajamushe na ƙarni na 19, Rudolf Virchow, abubuwa uku da ke sa jini ya daskare a inda bai kamata ba: jini ya rage gudu, bangon jijiya ya samu rauni, ko jinin kansa ya ƙara saurin daskarewa. Mai jego da aka yi wa aiki, tana kwance ba ta motsi, ta haɗa duka ukun. Ta ce ƙafar hagu ta fi kamuwa a ciki da jego, saboda a ƙugu babbar jijiyar da ke kai jini ƙafar dama ta gitta ta kan wadda ke dawo da jini daga hagu, tana ɗan danne ta.

Na daɗe ina juya wannan magana ta mako 6. Kusan daidai take da kwana arba'in ɗinmu, wato kwanakin da ake ce wa mai jego ta kwanta, kada ta ɗaga ko tsinke. Hutun nan gata ne, ba na raina shi. Amma hutu daban, kwanciya wuni guda ba a taka ƙasa daban, kuma a gidajenmu ba kasafai ake raba su ba.

Na tambaye ta abin da ya sa aka hana tausa. Ta ce tsoron ba a ƙafar yake ba. In wani yanki na gudan ya ɓalle, jini zai ɗauke shi ya bi ta zuciya ya je ya toshe jijiyar huhu, wannan shi ke kashewa farat ɗaya. Ta ce in na ji numfashi ya sarƙe, ko ciwon ƙirji mai tsira in na ja iska, ko na yi tari da jini, ko zuciya ta kama dukan uku-uku ba dalili, in kira ko ƙarfe nawa ne.

A daren aka fara yi mini allurar Clexane, wani nau'in hefarin, maganin hana jini daskarewa, a fatar ciki, can gefe nesa da ɗinki. Da nauyin jiki ake auna ta, shi ya sa sai da aka ɗora ni a sikeli. Allurar siririya ce, ta zo a ɗure, ana tsunkuro fata a soka, ba a murza wurin bayan an cire. Tana da raɗaɗi, kuma duk inda aka yi sai jini ya ɗan kwanta ya yi shuɗi-shuɗi. Tana da tsada ƙwarai, maigida ya ji a jikinsa. Wata Sista ce ta koya mini yi wa kaina, ta ce, "Maman jariri, rufe ido ba naki ba ne, ke za ki riƙa yi in kin koma gida."

Akwai abin da ya tsaya mini a rai. A takardar cikin kwalin na ga daga hanjin alade ake samo maganin. Na tambayi likita, ba ta ɓoye mini ba, ta ce haka ne, yawancin hefarin da ke duniya daga nan yake, kuma a halin da nake ciki shi ne abin da ke hannu mai aiki nan take. Maigida ya je ya sami malaminsu. Malam ya karanto masa aya ta 173 a Suratul Baƙara, inda Allah Ya ɗauke laifi daga wanda lalura ta tilasta, ya ce ceton rai ne, a ci gaba. Hankalina ya kwanta. Na fi son yadda aka gaya mini gaskiya na nemi fatawa, da a ce an rufe ni na gano daga baya, domin na san matan da za su daina allurar a ɓoye in suka ji labarin a bakin wani.

Bayan haka aka ƙara mini ƙwayar wafarin, ita ma mai hana jini daskarewa, ana haɗa ta da allurar. Dalilin haɗawar shi ne wafarin ba ya aiki ranar da aka sha. Guda huɗu daga sinadaran daskarewa, masu lamba 2 da 7 da 9 da 10, hanta ba ta iya kammala su sai da bitamin K. Wafarin yana tare hanyar da jiki ke sake amfani da bitamin ɗin ne, amma waɗanda aka riga aka yi suna nan suna yawo a jini har sai sun ƙare da kansu. Shi ya sa ƙa'ida ita ce a haɗa su aƙalla kwana 5, kuma ba a cire allura sai gwajin jini ya nuna ƙwayar ta kama. Likita ta kuma gyara mini wata fahimta: magungunan nan ba sa narkar da gudan. Hana shi girma suke yi, su hana wani sabo, jiki ne da kansa ke cinye shi a hankali cikin makonni da watanni.

Na ji ana maganar sababbin ƙwayoyi irin su Xarelto da ba sa buƙatar yawan gwaji, na tambaya. Ta ce ba a ba mai shayarwa su, wafarin kuwa an daɗe da sanin ba ya cutar da jariri ta nono. Ta dai buɗe katin yaron ta tabbatar an yi masa allurar bitamin K ranar haihuwa. Ta ce duk jariri da ƙarancin bitamin ɗin yake zuwa duniya, shi ya sa wanda aka haifa a gida ba a yi masa allurar ba, in wanzami ya cire masa beli ko ya yi masa tsaga, wani lokaci jinin ya ƙi tsayawa.

Rigima ta biyu daga wani abokin maigida ta zo, wanda ya ce masa maganin ɓera ake ba matarsa. Maigida ya shigo ransa a ɓace. Likita ta ce, "Alhaji, abokinka bai yi ƙarya ba, zauna ka ji." A shekarun 1920 shanu suka riƙa mutuwa da zubar jini a arewacin Amurka da Kanada bayan sun ci wata harawa da ta yi fumfuna. Wani masani, Karl Link, da mutanensa a Jami'ar Wiskonsin suka gano sinadarin da ke jawo haka, daga nan aka ƙirƙiro wafarin. A 1948 aka fitar da shi a matsayin gubar ɓera, a 1954 aka amince a ba mutane, a 1955 aka ba shugaban Amurka Eisenhower bayan ciwon zuciya ya kama shi. Ta ce bambancin guba da magani a nan awo ne, kuma gwajin INR shi ne ma'aunin.

Gwajin nan shi ya zama rayuwata. INR lamba ce da ke nuna tsawon lokacin da jinin mutum ke ɗauka kafin ya daskare in an gwada shi da na mai lafiya. Wanda ba ya shan komai nasa yana wajen 1. Ni ana son nawa ya zauna tsakanin 2 da 3. In ya yi ƙasa da 2 gudan zai iya ci gaba, in ya haura 3 zubar jini ta matso. Da farko kusan kullum ake ɗiba, daga baya mako-mako, da ya daidaita aka ƙara tazara. Da sassafe nake zuwa, a ɗebi jini a hannu a zuba a 'yar kwalba mai shuɗin murfi, dole kuma ta cika har layin da aka yi mata, in ba haka ba sakamakon ba abin yarda ba ne. Ba kowane ɗakin gwaji ke yin sa ba, kuma an ce in tsaya a wuri ɗaya. Da yamma in karanta wa likita lambar ta waya, ta ce in ci gaba, ko in ƙara rabin ƙwaya, ko in rage. Shi ya sa da dare ake shan maganin, don in an canza awo a fara a ranar. Ni bayan Isha'i na tsayar. Ina da ɗan littafi mai layi uku, kwanan wata da INR da awon da zan sha. An gargaɗe ni in na manta har gari ya waye kada in haɗa biyu, in rubuta kawai in faɗa. An kuma ce kada in dogara da launin ƙwaya, domin kamfani-kamfani launi yake bambanta, miligiram ɗin da ke jikin kwali shi ne abin dubawa.

Da muka koma gida, Gwaggo ta ji an ce ganye yana rage ƙarfin maganin, sai ta hana ni duk wani abu kore. Ba alayyahu, ba zogale, ba kabeji, ba rama. Da na faɗa wa likita ta ce ba haka ake yi ba. Ganye masu duhun kore su ne gidan bitamin K, gaskiya ne, amma ba haramta su aka yi ba. Abin da ake so shi ne cin ya zama iri ɗaya. In na saba cin miyar ganye sau kaza a mako, in ci gaba a haka, za a daidaita maganin a kan abincina. Abin da ke rikita lamba shi ne a yi mako ba a ci ba, sannan a wayi gari a cinye kwano guda na kwaɗon zogale don a ƙara ruwan nono. Yajin jego ta ce ɗan barbaɗawa a abinci ba komai, amma citta da tafarnuwa a dafa su da yawa a sha da sunan magani, a'a. Kunun kanwa ta ce a rage ƙwarai, ba don wafarin ba, don gishirin da ke cikin kanwa. Ta ce tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka danganta shi, tare da wankan zafi, da ciwon zuciyar masu jego. Jiƙe-jiƙe da sassaƙe da haɗin da ake kawo wa mai jego a gora kuwa ta ce duk abin da ba a san me ke cikinsa ba a ajiye shi sai an gama. Ƙaho ma haka, da allurar da ake yi a tsokar ɗuwawu, da cire haƙori ba tare da an sanar da ita ba. Wannan ya fi komai wahala, domin duk wadda ta kawo miki gora da ƙauna ta kawo, ƙin karɓa kuma ana ɗaukarsa raini. Umma ce ta riƙa tare mini, tana karɓa tana godiya tana ajiyewa a ɗakinta.

Na ciwo kuma farasitamol kaɗai aka yarje mini, shi ma ba a wuni ana sha kwana da kwanaki ba. Ibufurofen, dikulofenak, Feldene, asfirin, da garin Alabukun wanda asfirin ne a cikinsa, duk an hana. Su ta wata hanya suke ɓarna: suna raunana filatilet, suna kuma cin bangon ciki. Wafarin ya riga ya sassauta mataki na biyu na tsayar da jini, in aka zo aka sassauta na farko, ba abin da ya rage.

Ana cikin haka lokacin hunturu gudawa ta kama ni. Dare ne, aka kai ni wani ƙaramin asibiti kusa da gida. Na gaya wa wanda ya duba ni ina shan wafarin, na miƙa masa littafina. Ya ɗan duba ya ce ba matsala, ya rubuta mini Flagyl. Ba a jima ba na fara ganin jini a buroshi in na wanke baki. Sai shati baƙi-baƙi a dantse da cinya, alhali ban bugu da komai ba. Sai haɓo ya ɓalle. Umma ta ce in ɗaga kai sama, amma an riga an koya mini akasin haka: a zauna, a sunkuyar da kai gaba, a matse wuri mai laushi na hanci da yatsu minti 10 zuwa 15 ba a saki ana leƙawa. Ɗaga kai jinin yake turawa maƙogwaro a haɗiye, a zaci ya tsaya. Na matse, na sake matsewa, bai tsaya ba. Muka tafi babban asibiti.

INR ɗina ya haura 5. Aka dakatar da wafarin, aka ba ni ɗan bitamin K kaɗan, aka sa wa hancin abin da ya tsayar da jinin, aka riƙa bin lambar har ta sauko sannan aka mayar da ni kan magani. Likita ta ce abu uku ne suka haɗu: Flagyl yana hana hanta sarrafa wafarin sai ya taru a jiki, gudawar ta hana abinci zama, ni kuma na daina ci. Ta lissafa mini 'yan uwansa a wannan hali, Septrin da sifuro da eritiromaisin da fulukonazol na ƙaiƙayin mata. Rifamfisin na tarin fuka kuma akasin haka yake yi, yana kashe ƙarfin wafarin. Ta ce na yi sa'a a hanci da dasashi abin ya tsaya. Wanda ake tsoro shi ne wanda ba a gani da wuri: bayan gida baƙi ƙirin mai danƙo, aman jini, fitsari ja, jinin al'ada mai gudaji da ya ƙi tsayawa, ko ciwon kai mai tsanani da rikicewa, musamman bayan an buga kai ko da ba a fashe ba. Irin wannan ba a jiran gari ya waye, kuma akan kai ga ƙarin ruwan jini mai ɗauke da sinadaran daskarewa.

Har yau abin yana ci mini rai. Na faɗa, na nuna littafi, kuma Flagyl magani ne da ake rubutawa kullum, ake sayarwa a kowane kemis ba tambaya. Mutumin nan ba mugunta ya yi ba, bai san haɗarin ba ne, kuma wannan ya fi ba ni tsoro, don masu shan wafarin suna da yawa, daga masu ƙarfen bawul a zuciya zuwa tsofaffi masu rikicewar bugun zuciya. Daga ranar, duk wanda ya rubuta mini magani, ko waye shi, sai na kira likitata na karanta mata sunan kafin ya shiga bakina.

Mai ɗibar jinina a ɗakin gwaji, wani dattijo da ya taɓa aiki a ƙasar Gombe, shi ya faɗaɗa mini abin wata rana muna jiran sakamako. Ya ce, "'Yata, naki mai sauƙi ne, an san dalili, an san makari." Ya ce a wajen Kaltungo in kububuwa ta sari manomi, dafinta yana cinye sinadaran daskarewa ne, sai jini ya riƙa fita ta dasashi da tsofaffin miki. Gwajin da suke yi shi ne a zuba jinin a busasshiyar kwalbar gilashi mai tsabta a ajiye minti 20, in an karkata ta jinin yana nan ruwa, dafi ya shiga, sai allurar makarin dafi. Ya ce mai ciwon hanta da ya yi nisa shi ma yana zubar da jini, don masana'antar ce ta lalace. Akwai wanda filatilet ɗinsa ne suka yi ƙasa. Akwai yara maza da ake haifa da rashin sinadari na 8 ko na 9, cutar himofiliya da ake gado ta wajen uwa, sau da yawa ranar kaciya ake ganewa. Ita kuwa zubar jinin haihuwa, mafi yawanta mahaifa ce ta ƙi tsukewa, ko wani yanki na mabiyiya ya maƙale, ko an samu yagewa. Ya ce kowanne da maganinsa, bitamin K da ya tsayar da nawa ba zai yi wa wanda maciji ya sara komai ba.

Mafi ƙarancin jinyar irin wannan gudan wata 3 ne. Nawa da yake ya hau har cinya, likita ta kai shi wata 6. Tun ciwon ya lafa aka ce in riƙa tafiya, kwanciya ba ta cikin maganin. Na sa doguwar safa mai matsewa da rana, in cire da dare, in na zauna in ɗora ƙafar a kan matashi. Da lokaci ya cika aka sake duba ni, aka ce in daina ƙwayar kai tsaye, ba sai an bi a hankali ba. Ƙafar ta koma daidai, sai dai in na daɗe a tsaye takan yi nauyi da yamma, an ce gudan yakan bar rauni a 'yan ƙofofin cikin jijiya da ke hana jini komawa ƙasa.

Zama na ƙarshe da likita tare da maigida muka yi shi, ita ta nemi haka. Ta ce ƙwayar tazarar haihuwa mai sinadarin estirojin ba tawa ba ce har abada, domin tana ƙara daskarewar jini; ta ba ni zaɓi tsakanin wadda ake sakawa a dantse da robar mahaifa. In zan yi doguwar tafiya a mota ko jirgi, ko aikin Hajji, in riƙa tashi ina motsa ƙafa ina shan ruwa. In za a yi mini wani aiki ko a kwantar da ni, in faɗa tun a bakin ƙofa cewa na taɓa samun gudan jini. Ta ce wafarin da bai cutar da ɗana ta nono ba yana ratsa mabiyiya, yana iya nakasa ɗan tayi, musamman tsakanin mako na 6 da na 12, don haka in an sake mayar da ni kansa wata rana na ga batan wata, in zo a ranar. Sannan ta rubuta mini takarda ta sa hannu, ta ce in kai wa duk wanda zai yi mini awo a ciki na gaba: a fara mini allurar hefarin ta rigakafi tun cikin yana ƙarami, a tsara lokacin dakatar da ita kafin haihuwa, a ci gaba da ita mako 6 bayan na sauka.